Kitson da Auta Ta Bari

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya tsofaffin naki na gidan jinya? Mu nan lafiya lau. 'Yarki Ƙanƙara ta yi mura makon jiya, ta warke. Ina buɗe shago da safe in rufe da yamma. Firij ɗin mutane bai daina lalacewa ba, don haka aikin gyara akwai.

Ki yi haƙuri da rashin ɗaga wayarki. Ba fushi ba ne. Muryarki da ta ƙanwarki iri ɗaya ce, da kin yi sallama sai in rasa abin faɗa. Shi ya sa na ga gara in rubuta, in ba direban motar kayan nan da ke zuwa wajenku duk mako.

Maganar kan Ƙanƙara ce. Kwana huɗu kafin a kwantar da mamanta a asibiti ta yi mata kitso, layi goma sha biyu, ya tafi baya. Yau mako bakwai da rasuwar, kitson yana nan. Yarinyar ta hana kowa taɓa shi. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta zo da mataji da kibiyar tsifa, ta yi lallashin duniya, sai yarinyar ta shige ƙarƙashin gado ta riƙe kanta da hannu biyu. Ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Na Mama ne."

Yanzu kan ya cukurkuɗe. Gashin da ya tsiro ya haɗe layukan, wasu ba a ma gane inda suka rabu. Tana susa har cikin aji. Jiya malamarsu ta tare ni a bakin ƙofar makaranta, ta ja ni gefe ta ce kan ya fara wari, yara sun fara matsawa daga kusa da ita, in ba za a tsefe ba a aske. Na ce to.

Ni kwamfuresar firij zan cire in mayar ido rufe, amma kan yarinya 'yar shekara shida ban san ta inda ake farawa ba. Ke ce babba, ke kika san irin gashin gidanku. Ki gaya mini abin da zan yi.

Kin tambaye ni ta saƙo ya nake. Ba na jin komai, Yaya. Mutane suna zuwa su yi kuka, ina miƙa musu ruwan sanyi. Ina ci, ina barci. Shi ke nan.

Naki,
Baban Ƙanƙara

*

Baban Ƙanƙara,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni ranar Laraba, duk ta sha baƙin mai a aljihun direba. Ina lafiya, sai ciwon bayan nan da ka sani. Tsofaffina suna nan su ashirin da biyu, ɗaya ya ragu a makon nan. Na karɓi aikin wata ma'aikaciya na ƙara a kan nawa, don ɗakina ya yi mini shiru da yawa.

Kada ka bari a aske yarinyar nan. Malamar ta je ta aske nata. Kuma kada ka wanke kan tukuna, ruwa da sabulu ƙara ɗaure shi za su yi. Mataji ma ka ajiye shi nesa, lokacinsa bai yi ba.

Ka duba saman kwabar kayan ƙanwata Auta, can baya, akwai kwalba mai faɗin baki da jan murfi. Man kwakwa ne. Ba na kanti ba ne, ita ta yi shi da hannunta. Ni na koya mata tun tana sakandare, ta zo ta fi ni iyawa, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba. Kafin ka kai hannu kan yarinyar, ka buɗe kwalbar ka ba ta ta shaƙa. Ka ce mata shi ma wannan na Mama ne, kuma Mama ba ta taɓa barin kitso ya wuce mako biyu ba. Za ta gane ƙamshin.

In ta yarda, ka ɗan yayyafa ruwa a layi ɗaya, danshi kawai. Ka lakaci man ka murza a tafin hannu, ka shafa tun daga tushe har jela, ka bar shi ya sha kamar rabin awa. Sannan ka fara warwarewa daga jela, da yatsu, kana hawa sama. Inda ya ƙi, ƙara mai, kada ka ja. Layi ɗaya a rana ya isa. Za ka ga gashi yana biyo hannunka da yawa, kada hankalinka ya tashi, wanda ya riga ya zube ne kitson ya riƙe.

Ban tambaye ka fatarta ba don na san amsar. Na tabbata gwiwoyinta sun yi fari fat. Da ta fito wanka, kafin jikin ya bushe, ka shafa mata kaɗan a ƙafafu da gwiwar hannu da dunduniya. Kaɗan na ce, ba gatarin mota kake shafa wa ba. A fuska kada ka cika, wasu yana fito musu da ƙuraje. Haka nake yi wa tsofaffina kullum. Akwai wata da take kirana da sunan 'yarta in ina shafa mata a ƙafa, ni kuma ina amsawa.

Ka hana ta cin ƙanƙarar shagonka in tana mura. Satar da ta ja mata sunan ke nan, kuma kai ka koya mata.

Yayarku

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ya bayan naki? Ki rage aikin nan. Mu muna lafiya.

Na sami kwalbar, amma an yi rashin sa'a, man ya lalace. Tun kafin takardarki ta zo na gan ta, ranar da na kwashe kayan ɗakin. A lokacin man garau yake kamar ruwa. Na ce tunda shi ne na ƙarshe da Auta ta yi, bari in adana shi da kyau, sai na sa a babban firij ɗin gida, can ƙasa inda ya fi sanyi. Da na karanta takardarki na je na ɗauko, na tarar ya yi fari, ya ƙame, cokali ma da ƙyar ya shiga. A aikinmu in man kwamfuresa ya yi fari, ruwa ya shige shi, ya mutu ke nan, ba a mayar da shi cikin inji. Na ji tsoron in shafa wa yarinya abin da ya ɓaci. Na sa kwalbar a kwandon shara da murfinta, masu kwasa suka tafi da ita ranar Alhamis.

Na sayo wani a babban kanti, mai hoton kwakwa a jiki, an ce shi ne mai kyau. Na yi yadda kika ce, na buɗe na miƙa mata. Ta shaƙa sau ɗaya ta ce, "Wannan warin alewa yake yi." Ta tashi ta bar mini wurin. A ƙafa dai ta yarda na shafa mata, kuma gaskiyarki, gwiwoyin sun yi fari. Kai kuwa ko kusa.

Malamar ta sake magana. Yanzu da hula Ƙanƙara take zuwa makaranta, hular sanyi ta jarirai da na samo a akwati, ta yi mata kaɗan. Tana dawowa ta wuce shago ta zauna a kan wata tsohuwar firiza, tana kallon titi. Ba ta damuna, ni ma ba na damunta. Wani lokaci sai a yi awa biyu ba wanda ya ce uffan.

In akwai wani man da ya fi wannan, ki rubuto mini sunansa.

Baban Ƙanƙara

*

Baban Ƙanƙara,

Na amsa gaisuwarka. Lafiya nake.

Man bai lalace ba. Haka man kwakwa yake, da ya ji sanyi sai ya daskare ya yi fari. Da ka ajiye kwalbar a bakin taga, ko ka riƙe ta a hannunka na ɗan lokaci, da ya narke ya koma yadda ka fara ganinsa. Zai yi shekara bai yi komai ba. Lafiyayyen mai ka zubar.

Na karanta takardarka a ɗakin wanki, na zauna a kan kwandon zannuwa na kasa tashi. Na so in yi kuka bai zo ba. Shekara takwas kana gida ɗaya da Auta. Duk lokacin sanyi kwalbar nan tana daskarewa a gaban madubi, tana sa ta cikin ruwan ɗumi, ba ka taɓa ɗaga kai ka gani ba? Na san ba da gangan ka yi ba. Amma ina jin haushinka, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Ga abin da na yanke, ka yi tunani a kai. Ka ba ni Ƙanƙara. Ɗakina ciki da falo ne, akwai makaranta a bayan layinmu, zan daina aikin ƙarin nan. Yarinya mace tana bukatar hannun mace. Yau gashi ne, gobe wani abu ne da ba za ta iya faɗa maka ba. Kai kanka ka ce awa biyu kuke yi ba magana. Ba na so 'yar Auta ta girma a kan firiza tana kallon titi. Duk hutu zan aiko maka da ita.

Duk da haka ga yadda ake yin man, don kada kan ya kai ga almakashi kafin in zo. Ka sayi ƙosasshiyar kwakwa guda shida, wadda in ka girgiza za ka ji ruwa. Ka fasa, ka ɓamɓare, ka gurza a magogi. Ka zuba ruwan ɗumi, ka mutsuke, ka matse a cikin farin kyalle mai tsabta. Madarar da ta fito ka rufe ka sa a firij, nan ne kawai firij ɗinka yake da amfani. Washegari za ka ga maiƙon ya taru a sama ya yi tauri. Ka kwashe shi ka sa a tukunya, wuta ƙasa-ƙasa, kana juyawa. Kada ka tafi ko'ina. In diddigar ta fara yin ja-ja ka sauke ka tace.

Ina jiran amsarka a kan yarinyar.

Yayarku

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya.

Na je inda ake zubar da shara a bayan gari. Wani mai tura baro ya tambaye ni me na yar, na ce kwalba mai jan murfi. Ya nuna mini tsibin da hannu, ya ci gaba da aikinsa. Na ɗan tsaya, na dawo.

Abin da kika faɗa gaskiya ne. Ban taɓa ganin tana sa kwalbar a ruwan ɗumi ba.

Na yi man. Na farko ya ƙone, wani ya kira ni a kan firizar kifinsa na fita na bar tukunya. Na biyu ya yi. Magogin ya cinye mini gaɓoɓin yatsu uku. Lokacin da yake kan wuta, Ƙanƙara tana tsakar gida, sai na gan ta a bakin ƙofar kicin. Ta kalle ni, ta kalli tukunyar, sannan ta leƙa bayan ƙofa. Da ta ga ba kowa sai ta zauna a dakalin, ba ta tashi ba har na tace.

Maganar tafiyarta, duk yadda kika gani.

Baban Ƙanƙara

*

Baban Ƙanƙara,

Sallama da fatan kuna lafiya. Bayana ya yi sauƙi, an ba ni wata ɗamara ina ɗaurawa.

Mako uku ban ji daga gare ka ba. Na ɗauka maganata ce ta yi maka zafi, ashe motar direban ce ta mutu a hanya, takardarka tana cikin akwatin gaban mota. Jiya ya kawo mini ita yana ta ba da haƙuri.

Ka ce duk yadda na gani, na ɗauka ka amince ke nan. Dama tun kafin takardar ta zo na fara shiri. Na sa kafinta ya yi ƙaramin gado, na yi magana da shugabar makarantar, ta ce akwai gurbi a aji ɗaya. Na nemi hutun kwana uku an ba ni. Asabar ta sama zan taho da jakar da za a zuba kayanta, mu juyo ranar Litinin. Ka haɗa mini katin rigakafinta da takardar haihuwa.

Amma layin nan na ƙarshe a takardarka na karanta shi ya fi sau goma. Ko tsohuwar firiza aka ce za a ɗauka daga shagonka, sai ka tambayi ina za a kai ta. Ban sani ba ko nauyi na sauke maka, ko kuwa bakinka ne ya mutu kamar yadda nawa ya mutu. Ranar da aka kawo gadon na zauna ina kallonsa, ban ji daɗi ba, ban ji baƙin ciki ba. Na shimfiɗa masa zani na tafi aiki.

Na yi maka faɗa a kan kwalba fiye da kima. Ni ma akwai abin da ban gani ba. Wata biyu kafin Auta ta kwanta ta ce mini tana yawan gajiya, na ce mata kowa ma a gajiye yake.

Ka amsa mini abu ɗaya kafin Asabar, ba da ladabi ba, da gaskiya. Kana so ta zauna, ko kana so ta tafi?

Yayarku

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Na ji daɗi da bayan ya yi sauƙi. Muna lafiya. Wannan takardar ba direba na ba, wani abokin aikina ne zai zo wajenku sayen kayan gyara, ya ce zai kawo miki hannu da hannu gobe.

An gama tsifar jiya.

Kwana biyu bayan na tace man, da kanta ta ɗauko kwalbar ta ajiye a gabana, ta cire hular ta zauna a ƙasa ta ba ni baya. Ta ce layi ɗaya kawai. Layin farko awa uku ya ci. Na yi yadda kika ce, ruwa kaɗan, mai, jira, sannan yatsu daga jela. Gashin da ya fito ya cika mini tafin hannu, da ba ki gargaɗe ni ba da na gudu. Ba kullum take yarda ba. Wata rana ta ce yau Mama ba ta so, sai mu bari. Na rufe shago da wuri sau tara a watan nan, mai kifi ya koma wajen wani.

A ƙeya ta hagu akwai inda ya dunƙule ya ƙi, kwana biyu ina jiƙa shi. Na yanke kamar tsawon ɗan yatsa. Ki yafe mini wannan. Fatar kan ta yi ja a wuri biyu saboda susa, yanzu ta lafa. Tana magana in ina tsifar, don ba ta ganin fuskata. Ta gaya mini sunan yarinyar da ta fara cewa tana wari. Ta tambaye ni ko a asibiti an taje wa Mama kai. Na ce ban sani ba.

Da na kai layi na goma sai na ji hannuna yana tafiya da sauri. Tara na farko sirara ne, a matse, kowace saƙa daidai da 'yar uwarta. Ukun ƙarshe manya ne, sakwa-sakwa, na ƙarshen ma ba a kai shi jela ba, an ɗaure shi da zare a rabi. Na kira mai ɗinki ta duba. Ta shafa, sannan ta ce, "Nan hannunta ya gaji."

Na tuna ranar, Yaya. Na shigo daga shago na tarar da su a tsakar gida, Auta ta jingina da bango tana yi mata kitson. Na ce abinci fa? Ta ce saura uku. Na ce a yi sauri. Na wuce ciki na kunna rediyo.

A nan ne abin ya zo mini. Na fita waje na tsuguna na yi kukan da ban yi ba wata huɗu, da man kwakwa a hannuna, na rasa da me zan share fuska. Da na dawo Ƙanƙara tana zaune yadda na bar ta. Ita ta kwance zaren da kanta. Na warware sauran, na wanke kan, na shafa mai, na taje a hankali. Gashin ya kai kafaɗa.

Ta shafa kanta ko'ina da hannu biyu, ta ce, "Yanzu babu na Mama." Na ce babu. Sannan ta matso ta zauna tsakanin gwiwoyina ta ce, "To yi naka."

Na yi guda huɗu. Mai ɗinki tana gefe tana nuna mini, tana dariya har da hawaye. Ɗaya ya nufi kunne, ɗaya ya tsaya sama kamar eriya. Da shi ta tafi makaranta yau, ba hula. Ta ce wa mai ɗinkin kada ta gyara.

Kin tambaye ni, kuma kin ce ba da ladabi ba. Ina so ta zauna. Tun ranar da kika rubuto nake so, na ga kamar wanda ya zubar da kwalbar nan ba shi da bakin cewa a bar masa yarinya. Har yanzu ban san rabin abin da ya kamata in sani ba, kuma abin da kika ce game da gobe gaskiya ne, zan bukace ki. Ki zo ranar Asabar, tana ta tambayarki. Gadon ki bar shi, za ta kwana a kai duk hutu. Amma jakar kada ki taho da ita.

Mai ɗinki ta ce kitson nawa ba zai wuce kwana uku ba. Ranar Alhamis zan sake.

Naki,
Baban Ƙanƙara